Zobo, Kanwa da Jan Manja: Me Sauyin Launi ke Nufi?

Maganganu uku ne ke yawo a wayoyin jama'a daga Birnin Kebbi zuwa Jega, Argungu da Yawuri, kuma dukkansu a kan launi suka rataya. Akwai ta masu tallar ruwan alkalin, waɗanda za su ɗiga wani magani a kofin ruwan leda ya koma ruwan ɗorawa, su ɗiga a nasu ya koma shuɗi, sannan su ce wa mai kallo ga cuta ga lafiya. Akwai ta zobo, wanda aka ga ya yi duhu da ya haɗu da kanwa, aka ce ai guba ce ta bayyana. Ta ukun ita ce mai tushe a hukumance: hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha jan kunnen jama'a a kan manjan da ake zuba wa rini don ya ƙara ja, abin da ya sa uwargida ta koma kallon kwalbar manja a kasuwa da ɗar-ɗar.

Wanda ya ji su a jere zai ɗauka darasi ɗaya ake ba shi, wato duk inda launi ya sauya akwai haɗari. Al'amarin bai tafi haka ba. Launi yana ba da labari, amma labarin ƙanƙane ne, kuma sau da yawa ba shi ne wanda ake jingina masa ba. Kafin a raba gaskiya da talla a cikin waɗannan maganganu sai an fahimci abu biyu daga ilimin sinadarai: mene ne asid da kishiyarsa, da kuma abin da ke sa wani abu ya kasance mai launi tun farko.

## Dangin tsami da dangin kanwa

Da an ambaci asid, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ruwan batir mai cin tufafi da ƙona fata. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin babban dangi, kuma da yawa daga 'yan dangin muna cin su kullum. Tsamin tsamiya asid ne da ake kira tartarik, na lemun tsami sitirik, na nono da kindirmo laktik. Sure, wadda wasu ke kira yakuwa, tana da nata. Cikin ɗan Adam ma yana tsatso asid mai ƙarfi, haidurokulorik, domin narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta.

Kishiyar asid ana kiranta bes, idan kuma tana narkewa a ruwa a ce alkalin. A nan kanwa take, da ruwan toka, da farar ƙasa, da sodar da mata ke haɗa sabulun ruwa da ita. Alamarsu a baki bauri ko ɗaci, a hannu kuma santsi. Santsin nan ba komai ba ne illa maiƙon fata da ya fara komawa sabulu.

An daɗe ana rarrabe dangin biyu da ɗanɗano kafin a gano dalili. A shekarun 1880 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya nuna cewa asid idan ya shiga ruwa yana sakin ƙwayar haidurojin mai ɗauke da cajin lantarki. A 1923 Johannes Bronsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa da aikinsa daban, suka faɗaɗa bayanin zuwa yadda ake koyar da shi a yau: asid shi ne mai bayar da wannan ƙwaya, wadda ake kira furoton, bes kuma mai karɓa. Da zarar asid ya bayar, abin da ya rage daga jikinsa ya zama bes, tunda yana iya sake karɓa. Ke nan kowane asid yana da abokin tagwaicinsa bes, furoton ɗaya tak ne ya raba su. A riƙe wannan, domin a kansa maganar zobo za ta tsaya.

Uwargidan da ta ji ƙullin waina ya yi tsami da yawa ta tsiyaya masa jiƙaƙƙiyar kanwa, wannan musayar take yi. Kanwa ta karɓi furoton daga asid ɗin ƙullin, tsami ya ragu, kumfar da ke tasowa kuma iskar kabon dayoksaid ce, wadda ke taimaka wa wainar ta tashi.

Ma'aunin da ake auna wannan da shi, wato pH, wani ɗan Denmak ne mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909. Yakan tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsaka-tsaki, nan tsantsar ruwa yake; ƙasa da ita asid, sama da ita bes. Kowane mataki ninki 10 ne, saboda haka abin da ke kan 3 ya fi abin da ke kan 7 yawan furoton sau 10,000. Ruwan batir yana ƙasa da 1, ruwan ciki tsakanin 1.5 da 3.5. Lemun tsami wajen 2 ne, zobo kusa da 3, nono tsakanin 4 da 5. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Jiƙaƙƙiyar kanwa takan kai wajen 10, sodar sabulu kuwa 13 zuwa 14.

Daga wannan jeri kaɗai za a ga cewa pH ba ma'aunin guba ba ne. Lemun tsami yana can ƙasa amma ana shansa. Soda tana can sama, a ɓangaren da masu talla ke kira na lafiya, amma tana narkar da nama. Ruwan rijiya mai ɗauke da ƙwayar kwalara yana iya zama a kan 7 cif.

## Daga ina launi yake fitowa?

Sukari fari ne, sitaci fari ne, amma ɗigon zobo ɗaya ya isa ya ɓata farar riga. Bambancin yana cikin yadda aka gina ƙwayoyin sinadaran.

Abubuwan da ke fitowa daga tsiro da dabba an gina su ne a kan sarƙar atom-atom na kabon. Tsakanin kowane kabon da maƙwabcinsa akwai ɗauri, wani guda ɗaya, wani mai ninki, kuma abin da ke yin ɗaurin su ne ilektiron, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke jikin kowane atom. Idan ɗauri mai ninki yana zaune shi kaɗai, ilektiron ɗinsa a tsare suke tsakanin atom biyu. Amma idan aka samu jeri na karɓa-karɓa, ninki, guda, ninki, guda, sai ilektiron ɗin su daina zama wuri ɗaya, su bazu a tsawon jerin baki ɗaya. Wannan ita ce sarƙar karɓa-karɓa, kuma kusan duk launin da ke cikin ganye, fure, 'ya'yan itace da rini daga gare ta yake.

Hasken rana da muke gani fari gauraye ne na launuka, masu tsawon zango daga wajen nanomita 400 (nanomita ma'aunin tsayi ne ƙanƙane ƙwarai) a ɓangaren shunayya zuwa 700 a ɓangaren ja. Sinadari yakan haɗiye wani yanki na hasken, abin da ya rage shi ido ke gani. Gajeriyar sarƙa ba ta haɗiyar komai sai hasken da ya wuce ganin ido, shi ya sa take zama marar launi. Yayin da sarƙar ke tsawo, hasken da take haɗiya yana ƙara tsawon zango har ya shigo inda ido ke kaiwa. Makaɗin molo ya san irin wannan: idan ya danne tsirkiya ya gajarta ta, amo ya yi siriri ya hau sama, idan ya sake ta da tsawonta, amo ya yi kauri ya sauko.

Itilin, iskar da mangwaro da ayaba ke fitarwa lokacin nuna, ɗauri mai ninki ɗaya gare ta, kuma tana haɗiyar haske a wajen nanomita 170. Butadayin, mai biyu a jere, ya matsa zuwa 217. Duk ido bai kai nan ba. Karotin da ke cikin karas da manja yana da 11 a jere, yana haɗiye shuɗin haske a wajen 450, sai mu ga ruwan goro. Jan tumatir daga ɗan'uwansa laikofin yake. Koren ganye da jan jini kuwa sarƙarsu zobe ta yi, da atom ɗaya na ma'adini a tsakiya: magniziyom a ganye, sinadarin ƙarfe a jini.

Bazuwar ilektiron tana da wani aiki bayan launi, nan ne kuma darussan biyu suka haɗu. Idan asid ya saki furoton yakan bar caji a baya. In cajin yana da wurin bazuwa, abin da ya rage ba ya matsuwa ya karɓo furoton ɗinsa, sai asid ɗin ya saki cikin sauƙi. Asid ɗin binega da itanol na cikin sifirit kabon biyu-biyu gare su, gininsu ma ya yi kama, amma a binega cajin yana rarrabuwa tsakanin atom biyu na oksijin, a itanol kuwa guda ɗaya ke ɗauke da shi. Wannan ɗan bambanci ya sa na farkon ya fi na biyun ƙarfin asid sau biliyoyi. Ta ɗaya fuskar kuma, cire furoton ko mayar da shi yana sake fasalin sarƙar, idan kuwa fasalin sarƙa ya sake, launi ya sake.

## Kofi uku na zobo

Kowa zai iya gwada wannan a gida. A jiƙa soborodo a ruwan zafi, a tace, a sirka shi da ruwa har haske ya riƙa ratsa shi, a raba a kofunan gilashi uku. A matsa lemun tsami a na farko: jan zai ƙara haske. A bar na biyu yadda yake. A na uku a riƙa ɗiga ruwan kanwa a hankali. Inda ɗigon ya faɗa za a ga wani duhu ya murɗa ya bazu, jan ya koma shunayya, daga nan shuɗi-shuɗi, in an ci gaba ya zama kore mai duhu. Sai a ɗauko lemun tsamin a matsa a cikin wannan na ukun. Zai yi 'yar kumfa, jan kuma ya dawo.

Guba ba ta zuwa ta koma da matsin lemo. Launin zobo daga sinadaran antosayanin yake, masu sarƙar karɓa-karɓa. A cikin tsami suna riƙe da furoton ɗinsu, suna haɗiye koren haske, sai mu ga ja. Da kanwa ta karɓe furoton, sarƙar ta sake fasali ta koma haɗiyar haske mai tsawon zango, sai shunayya da shuɗi su bayyana. Jan da shuɗin tagwaye ne, asid da bes na sinadari ɗaya. Sai dai in kanwar ta yi yawa aka kuma bar shi ya jima, sarƙar takan tsinke, launin ya koma ruwan ƙasa, daga nan babu lemon da zai dawo da shi. Asarar da aka yi ta ɗanɗano ce da ta sinadarai masu amfani, har da bitamin C, wanda ba ya jure alkalin.

Hasali ma zargin a baibai aka yi shi. Zobo na gaskiya dole ya sauya launi idan ya ji kanwa, galibin kalar da ake zubawa a kayan sha kuwa ba ta cika motsawa ba. Jan ruwan da aka ɗiga wa kanwa ya tsaya ƙyam shi ya fi cancantar tambaya. Haɗarin zobon sayarwa yana wurin da launi ba ya nunawa: ruwan da aka sirka shi da shi, tsabtar gorunan da aka tsinto aka sake cikawa, yawan sukari, da daɗewarsa cikin zafin rana.

Kurkum ma haka yake: tabonsa rawaya ne a farin ƙyalle, amma da an goga masa sabulu sai ya koma ja. Marina kuma sun san wani salon tun kaka da kakanni. Shunin baba ba ya narkewa a ruwa sai an zuba toka a rijiyar rini an bar ta ta ruɓa kwanaki, ƙananan halittu su katse sarƙar shunin ya narke. Shi ya sa a karofi zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska, oksijin ya mayar da sarƙar, ya rikiɗe shuɗi a hannun marini.

## Ruwan alkalin

Maganin da masu talla ke ɗigawa gaurayen rini ne masu irin halin zobo, an shirya shi don ya nuna pH: ja ko rawaya a tsami, kore a tsakiya, shuɗi ko shunayya a alkalin. Gwajin bai yi ƙarya ba, ma'anar da aka ba shi ce ta kauce. Ruwan da aka tace sosai ba shi da ma'adinai masu yawa, don haka ɗan kabon dayoksaid da ya sha daga iska ya isa ya sauko da shi ƙasa da 7. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta amince da 6.5 zuwa 8.5, kuma manyan dalilan wannan iyaka su ne kare bututu daga cinyewa, kyautata ɗanɗano, da ba kulorin damar kashe ƙwayoyin cuta.

Masu goyon bayan ruwan suna cewa abincin zamani yana sa jiki tsami, cuta kuma a tsami take bunƙasa. Akwai guntun gaskiya da suke dafawa. Abinci yana sauya pH na fitsari, kuma likitoci kan ba wasu masu ciwon ƙoda baikabonet idan jininsu ya karkata ga tsami. Amma wannan magani ne na majinyaci, da awo da sa ido. A jikin mai lafiya huhu da ƙoda suna riƙe jini a ƙa'idarsa dare da rana, ta hanyar wasu tagwayen, kabonik asid da baikabonet: idan tsami ya ƙaru, numfashi ya fitar da kabon dayoksaid, ƙoda ta zubar da saura a fitsari. Ruwa mai pH 9 kuwa da ya isa ciki zai tarar da asid ɗin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ga mai lafiya asarar ta kuɗi ce. Ga mai ciwon suga ko hawan jini da ya ajiye maganinsa ya rungumi jarka, asarar ta wuce kuɗi.

## Manja da rinin Sudan

Nan maganar ta bambanta, domin haɗarin na gaske ne, ido ne kawai ba ya kama shi. Jan manja na asali karotin ne, wanda ɗanyen manja ke ɗauke da shi wajen miligiram 500 zuwa 700 a kowane kilo, kuma jiki yana mayar da shi bitamin A. Zafi, haske da daɗewa suna tsinka sarƙarsa. Duk wadda ta taɓa barin manja a wuta har ya yi hayaƙi ta ga yadda jan ke gudu. Manjan da ke zuwa kasuwannin Kebbi daga kudu yana shan doguwar tafiya da ajiya, masu saye kuma sun saba auna kyau da ja. Wanda nasa ya koɗe, ko ya sirka shi da wani mai, nan kwaɗayin rini ke kama shi.

Rinin da aka fi kamawa a manja shi ne dangin rinin da ake kira Sudan, musamman mai lamba 4. Kayan masana'anta ne na rina man takalmi, kaki, roba da man fetur. Yana cikin rukunin azo, inda atom biyu na naitirojin masu ɗauri ninki ke haɗa zobban kabon su tsawaita sarƙa. Matsalar a wannan mahaɗi take: ƙwayoyin hanji da hanta suna tsinka shi, kuma wasu daga gutsattsarin da ke fitowa sun haddasa ciwon daji a gwajin dabbobi.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa rinin Sudan a rukuni na 3, wato hujjar da ake da ita ba ta isa a yanke hukunci a kan ɗan Adam ba. Wasu kan kafa hujja da wannan su ce ana zuzuta abin. Hukumomin abinci kuwa ta wata fuska suke kallonsa: rini ne da ba ya ƙara wa abinci komai sai yaudara, ga shi ana zarginsa da taɓa ƙwayoyin gado, don haka babu adadin da za a ce an yarda da shi. A kan haka Tarayyar Turai ta ɗauki mataki a 2003 bayan an gano shi a garin barkono daga Indiya, Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga shaguna a 2005, hukumar abinci ta Ghana kuma ta same shi a mafi yawan manjan da ta gwada daga kasuwannin Akara a 2015. Ba duk azo aka hana ba. Tatrazin, rawayan da ke cikin wasu lemukan kwalba, azo ne da aka yarda da shi da iyaka. A ruwa yake narkewa, saɓanin Sudan mai bin maiƙo.

Gwaje-gwajen gida da ake yaɗawa ba sa raba gardama. Shafa manja a tafin hannu a ga ko zai bar ja bai nuna komai ba, domin karotin ma yana tabo. Manjan da ya koma rawaya ya yi kauri da aka zuba masa ruwan kanwa shi ma ba jabu ba ne: kanwa ce ta mayar da ɗan asid ɗin man sabulu, sabulun ya farfasa man ya gauraya da ruwa. Tabbaci sai a ɗakin gwaji. Idan aka dogara da gwajin da ba shi da tushe, ɗan kasuwa mai gaskiya zai rasa ciniki, gidan da ya tsorata ya bar manja kuma zai rasa hanya mai araha ta samar wa yara bitamin A.

## Kanwa: masu suka da masu karewa

Kanwa cakuɗe ce ta sodiyom kabonet da sodiyom baikabonet, tare da gishiri, yashi da sauran abin da ƙasar wurin ta ƙunsa. Tun zamanin fatake ake kawo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, kusa da mu kuma daga kwarin Dallol Boso a Nijar. Masu karewa suna nuni da aikinta a tukunya. Tana sa wake ya nuna da wuri a rage ƙona itace, tana kashe tsamin sure, tana kuma tsare koren kuɓewa da karkashi, domin tsami ne ke fizge magniziyom daga tsakiyar zoben nan na koren ganye ya bar miya ta koɗe.

Masu suka suna cewa alkalin yana lalata bitamin B1 da C a girki, kuma kanwar kasuwa ba tatacciya ba ce. Hujjarsu mafi nauyi ita ce sodiyom. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 2 na sodiyom a rana, daidai da gishiri giram 5, kuma kanwa tana shiga wannan lissafi ko da harshe bai ji gishiri ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da ya biyo baya, musamman a Kano, ya karkata ga wasu dalilan: ƙarancin ma'adinin seleniyom a jiki, rama da rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne adadi. 'Yar kanwar da aka jiƙa aka tace don tukunyar waken gida guda daban ce, kofin kunu mai kanwa sosai safe da yamma har kwana 40 daban ne, balle ga mai hawan jini ko kumburin ƙafa.

Mai shan kanwa don ƙwannafi yana samun sauƙi na gaske, na ɗan lokaci. Sai dai mafi yawan gyambon ciki ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke jawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki, kuma kanwa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

## Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

Misali mafi tsanani na aikin asid a yankin nan babu launin da ya yi gargaɗi a kansa. A 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Binciken da aka yi wa ƙurar ya nuna cewa kaso mai yawa na dalmar a siffar kabonet take, wadda ke narkewa da zarar ta ji asid. Ƙurar tana zaune a tsakar gida, da yaro ya kai hannu baki sai ruwan cikinsa ya narkar da ita ta shiga jini.

Maganin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi amfani da shi don fitar da dalmar daga jikin yaran, DMSA, shi ma daga wannan ilimi yake. A 1923 Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana bes a matsayin mai miƙa ilektiron biyu, asid kuma mai karɓarsu. Dalma mai karɓa ce. Maganin yana miƙa mata ta atom ɗinsa na salfa, ya damƙe ta, su fita tare a fitsari.

## A gona da cikin gida

Takin yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin 100, idan aka dinga zuba shi shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami. Da pH ya faɗi ƙasa da 5.5 sai aluminiyom ya narke ya hana saiwa girma, fosforas kuma ya maƙale inda shuka ba ta iya zuƙa. Wannan ya fi shafar gonakin tudu masu yashi, na gero, dawa da masara. Fadamar shinkafa da ke kwana cikin ruwa takan matso kusa da 7 da kanta. Toka tana rage tsamin ƙasa, amma ba a gauraya ta da yuriya, domin alkalin yana taimaka wa naitirojin ya tashi a matsayin iskar amoniya, taki ya tafi ba tare da shuka ta amfana ba. Magungunan ƙwari da yawa ma suna lalacewa a ruwa mai alkalin, shi ya sa wanda aka dama ake fesa shi a take, ba a barinsa ya kwana a fanfon feshi.

A cikin gida, abin da ya fi neman kulawa shi ne sodar sabulu. Idan ta narke ba ta da launi ba ta da wari, ido ba ya raba ta da ruwan sha, don haka zuba ta a gorar ruwa ko ta lemo a gidan da ke da yara ganganci ne. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, haka shi ma asid, saboda zafin da ke tashi yana iya fantsama shi a fuska. Ba a haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid, domin iskar kulorin ce ke fita, mai shaƙe numfashi.

Idan soda ko ruwan batir ya zuba a jiki ko a ido, a cire tufafin da ya jiƙe, a riƙa kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 20. Kada a ce za a kashe soda da lemun tsami ko asid da kanwa a jikin mutum, haɗuwarsu zafi take fitarwa ta ƙara ƙuna. Yaron da ya sha ɗayansu kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fita, kada kuma a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha.